Tsakanin “although” da “but”: amsa ga ɗalibar da Turanci ya tsaya wa a wuya

Wata ɗaliba daga Jega a Jihar Kebbi ta rubuto tana cewa: “Malam, sau biyu ke nan ina zana jarrabawar kammala sakandare, kuma duka biyun D7 nake samu a Turanci, alhali na ci sauran darussan da ake nema don shiga makarantar koyon aikin jinya. A wurin da nake zuwa darasin yamma na rubuta ‘Although I studied hard, but I failed’, sai malamin ya karanta wa aji, aka yi ta yi mini dariya, kuma bai gaya mini abin da ya ɓaci ba, jan biro kawai ya zagaye jimlar da shi. Na haddace although, though, despite, in spite of, however da nevertheless, amma a kunnena dukkansu ‘amma’ suke nufi, ban san inda ake sa wannan a bar wancan ba. Babana ya ce karo na uku shi ne na ƙarshe da zai biya mini kuɗin jarrabawa. Shin kaina ne ba ya ja, in haƙura da karatun?”

’Yata, kanki yana ja, kuma shaidata tana cikin jimlar nan da aka yi miki dariya a kanta. Wanda ya rubuta ta ya riga ya kama abin da ya fi wuya a wannan babi na nahawu, wato ya gane cewa an yi wani abu da ya kamata ya haifar da sakamako kaza, sai aka ga akasinsa, kuma ya zaɓo kalmar da ta dace da wannan ma’ana ya sa ta a inda ya kamata. Abin da ya ɓata jimlar kalma ɗaya ce da ta yi yawa, kuma ba daga rashin sani ta shigo ba, daga Hausarki ta shigo.

Idan mutum ya ce, “Ko da yake an yi ruwa, amma mun tafi gona,” babu Bahaushen da zai ɗaga kai ya dube shi, domin Hausa ce lafiyayya. “Ko da yake” ta buɗe magana, “amma” ta karɓe ta, kunnenmu ma ya fi jin daɗin jimlar idan su biyun suna ciki. Ba mu kaɗai muke yin haka ba, domin Larabcin jaridu yakan haɗa irin waɗannan kalmomi biyu a jimla guda, haka ma Sinanci. Turanci ne bai yarda ba. A wurin mai Turanci, “although” ta riga ta sanar da cewa akwai saɓani a tafe, saboda haka ƙara “but” a kanta kamar mutum ne ya ɗaure wandonsa da mazagi, sannan ya sake ɗora bel a kai. Gyaran kuwa shi ne ki cire ɗaya, ko wacce kika ga dama: “Although I studied hard, I failed,” ko kuma “I studied hard, but I failed.” Wannan doka ita ce ta hau kan “because” da “so”. Mu mukan ce, “Da yake an yi ruwa, sai muka zauna a gida,” amma a Turanci sai dai “Because it rained, we stayed at home,” ko “It rained, so we stayed at home.”

Yana da kyau ki san dalilin dokar, domin wanda ya san dalili ba ya saurin mantawa. Jimlar Turanci tana bukatar a sami aƙalla ɓangare ɗaya da zai iya tsayawa shi kaɗai a matsayin cikakkiyar magana, wanda masana nahawun Hausa suke kira ganga tsayayyiya. Da zarar kin sa “although” a gaban wani ɓangare, kin raba shi da wannan iko, ya koma mai dogaro da waninsa. “I studied hard” cikakkiyar magana ce, amma “Although I studied hard” mai sauraro zai zuba miki ido yana jiran ragowar. Ita kuwa “but” aikinta haɗa ɓangarori biyu da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa. To idan kika sa su biyun, ɓangaren farko yana jiran wanda zai jingina da shi, na biyun kuma yana neman tsayayyen abokin da za a haɗa shi da shi, sai jimlar ta rasa mai riƙe ta. Abin da ya kamata malaminki ya gaya miki ke nan, kuma bai fi ƙarfin minti biyu ba.

Yanzu ga babban abin da nake so ki canza. Kin haddace kalmomin nan bisa ma’anarsu, kuma gaskiya kika faɗa, ma’anarsu kusan ɗaya ce. Shi ya sa hadda ba ta amfane ki ba, kuma ko kin ƙara wasu goma a kansu ba za ta amfane ki ba. Bambancinsu yana cikin abin da yake biyo bayan kowacce, da kuma alamar rubutun da take nema a gabanta da bayanta. Daga yau, duk lokacin da kika ga ɗaya daga cikinsu, ki tambayi kanki: mene ne ya biyo bayanta?

Bayan “although”, “though” da “even though”, dole a sami mai aikatawa da kuma aikatau, wato wani ya yi wani abu, ko wani abu ya kasance. “Although the river overflowed, the farmers planted again.” Ga kogi, ga aikin da ya yi na ambaliya, sannan waƙafi, sannan babbar magana. Idan kika juya jimlar, “although” ta koma tsakiya, ma’anar tana nan: “The farmers planted again although the river overflowed.” Bambancin ukun nan ƙalilan ne. “Even though” ta fi ƙarfi, kamar a ce abin ya ba da mamaki sosai. “Though” ta fi yawo a bakin mutane, kuma ita kaɗai ce a cikinsu take iya zuwa ƙarshen magana, kamar “It was expensive. I bought it, though,” wanda ya dace da wasiƙar da za ki rubuta wa ƙawarki, amma ban ba ki shawarar sa shi a wasiƙar neman aiki ko ta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ba. Ki kiyaye kuma cewa “even” ita kaɗai ba ta iya wannan aiki. “Even I was tired, I cooked” kuskure ne da nake yawan gani, sai an ƙara “though”.

“Despite” da “in spite of” su ne suka fi kayar da ɗalibai, alhali su ne Hausa ta fi sauƙaƙa mana. Ki saurari waɗannan jimloli biyu: “Duk da ambaliyar, manoma sun sake shuka,” da kuma “Duk da cewa kogi ya yi ambaliya, manoma sun sake shuka.” A ta farko, suna ne kawai ya biyo bayan “duk da”. A ta biyu, da yake cikakkiyar magana ce za ta biyo, sai da bakinki ya sako “cewa” tukuna, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya koya miki wannan. To “despite” daidai take da “duk da” ta farko, suna take so ko wakilin suna: “Despite the flood, the farmers planted again.” Ba ta ɗaukar mai aikatawa da aikatau kai tsaye, don haka “Despite the river overflowed” ya ɓaci. Idan lallai cikakkiyar magana kike so ki kawo, Turanci ma yana da tasa “cewa”, wato “the fact that”: “Despite the fact that the river overflowed, the farmers planted again.” Jimlar daidai ce, sai dai kalmomi huɗu ne suke yin aikin da “although” za ta yi ita kaɗai, kuma ni a ganina ɗalibin da yake yawan jawo “despite the fact that” yawanci tsawon takarda yake nema. Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke cin maki a banza. “Despite” ba ta ɗaukar “of” ko kaɗan, ita kuwa “in spite of” ba ta rabuwa da “of”, kuma kalmomi uku ce a rarrabe, ba a manne “in” da “spite”. A tambayoyin zaɓi-ɗaya, “despite of” tana yawan zama cikin amsoshin da ake jerawa don yaudarar mai gaggawa.

Hanya ta uku bayan “despite” ita ce aikatau mai ƙarewa da “-ing”, domin a wannan siffa yana aiki kamar suna ne: “Despite working hard, my brother earned little.” A nan akwai tarko, kuma har masu digiri suna faɗa masa. Wanda ya yi aikin da ke cikin “-ing” dole ya zama shi ne mai aikatawa a babbar magana. Idan kika rubuta “Despite working hard, the harvest was poor,” kin ce amfanin gona ne ya yi aiki tuƙuru, ba manomi ba. Mai karatu zai gane nufinki, amma mai duba takarda yana da damar jan biro. Mafita mafi aminci ita ce ki koma ga “although” ki ambaci kowa da sunansa: “Although we worked hard, the harvest was poor.”

Sai “however” da ’yan’uwanta, wato “nevertheless”, “even so” da “still”. Waɗannan su ne “duk da haka” ɗinmu. Ki lura da yadda muke amfani da ita: sai mun gama magana ɗaya cak, mun numfasa, sannan mu ce “duk da haka” mu kama ta biyu. “Kogi ya yi ambaliya. Duk da haka, manoma sun sake shuka.” Kalmar “haka” tana waiwayar maganar da ta riga ta ƙare ne. Haka “however” take. Ba ta da ƙarfin ɗinke jimloli biyu su zama ɗaya, sai dai ta tsaya a cikin ta biyun tana nuni zuwa ta farko. Saboda haka aya take bukata a gabanta, ko waƙafi mai ruwa (;), sannan waƙafi a bayanta: “The river overflowed. However, the farmers planted again.” Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibanmu shi ne a ɗauke ta a matsayin “but” mai kwalliya, a rubuta “The river overflowed, however the farmers planted again,” da waƙafi kaɗai a gabanta. Wannan kuskuren alamar rubutu ne, kuma ana ƙirga shi.

Akwai gwajin da za ki yi idan kika yi shakka a ɗakin jarrabawa. Ki gwada matsar da kalmar daga wurinta. “However” tana yarda ta yi yawo: “The farmers, however, planted again,” ko “The farmers planted again, however.” Duk kalmar da ta yarda da irin wannan matsawa, to daga wannan rukuni take, kuma aya ko waƙafi mai ruwa take nema tsakanin jimlolin biyu. “Although” da “but” ba sa motsi daga bakin ɓangaren da suke jagoranta. Ba za ki taɓa cewa “The farmers, but, planted again” ba, kunnenki ma zai ƙi.

Wani wuri da Hausa za ta yi miki jagora shi ne tsakanin “even though” da “even if”. Ki kwatanta “Ko da yake an yi ruwa, mun tafi” da “Ko da an yi ruwa gobe, za mu tafi.” A ta farko ruwa ya sauka, an gama, labari ake bayarwa. A ta biyu ba a san ko zai sauka ba, ana dai cewa saukarsa ba za ta canza kome ba. “Even though” ita ce ta abin da ya tabbata, “even if” ta abin da ake ƙaddarawa: “Even though it rained, we went,” da kuma “Even if it rains tomorrow, we will go.” Ki duba jimla ta biyu da kyau, za ki ga “will” ba ta shiga ɓangaren “even if” ba duk da cewa maganar gobe ake yi, “rains” aka ce, “will” ta tsaya a babbar magana. Masu shirya tambayoyi suna son wannan wuri ƙwarai.

Sauran zan ratsa su da sauri. “Whereas” da “while” sukan jera abubuwa biyu ne don a ga bambancinsu, ba tare da wani mamaki ba, kamar “alhali” ko “shi kuwa” a bakinmu: “Aliero is known for onions, whereas Argungu is known for fishing.” Babu wanda ya zaci albasar Aliero za ta hana Argungu kamun kifi, bambanci kawai aka nuna, shi ya sa “although” ba za ta zauna daram a wannan jimla ba. “On the other hand” ta kawo ɗaya gefen magana ne, ita kuwa “on the contrary” ƙaryata abin da aka zata take yi, kuma galibi bayan jimlar korewa take zuwa: “The road is not safe. On the contrary, it is getting worse.” Sannan idan kika ga “however” manne da sifa babu waƙafi a tsakani, to ta canza aiki, ta zama “komai” ɗinmu: “However difficult the work is, I will finish it,” wato komai wahalar aikin zan gama shi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu zai tsare ki daga jan biro ne. Abin da zai ƙara miki maki kuwa shi ne sanin cewa waɗannan kalmomi suna nuna ɓangaren da marubuci ya tsaya. Ki tuna ranar kasuwar Jega, mutum ya tsuguna gaban buhun albasa, ya zura hannu ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya matsa ta, ya duba ko ta fara tsiro. Idan ya miƙe ya ce, “Tana da kyau, amma tana da tsada,” mai albasa ya san ko dai ya rage kuɗi ko mutumin ya wuce. Idan kuwa ya ce, “Tana da tsada, amma tana da kyau,” mai albasa zai fara neman yaron da zai ɗauki buhu. Kalmomin ba su canza ba, wurin zamansu ne ya canza, kuma nauyin magana kullum yana kan abin da ya biyo bayan “amma”. Haka “but” da “however” suke: abin da ya biyo bayansu shi ne matsayin mai magana.

“Although” kuwa akasin haka take, kuma a nan ne wanda ya haddace ta a matsayin “amma” yake juya maganarsa bai sani ba. Abin da aka manna wa “although” shi ne wanda aka amince da shi aka ajiye gefe, nauyin yana ɗaya ɓangaren. “Although the onions are good, they are expensive” maganar wanda ba zai saya ba ce. “Although the onions are expensive, they are good” maganar wanda ya sa hannu a aljihu ce. Idan kika ɗauki jimlar da ke da “but”, kika cire ta, kika dasa “although” a daidai gurbinta, kin mayar da babbar magana ƙarama. “I studied hard, but I failed” kuka ne a kan faɗuwa. “I studied hard, although I failed” kuwa kare kai ne, mai maganar yana so a san ya yi ƙoƙari. Dukansu Turanci ne mai kyau, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Wannan yana da amfani a wurare uku na takardarki. A insha’in muhawara, idan aka ce ki goyi bayan makarantar kwana a kan ta jeka-ka-dawo, ki ɗauko hujjar abokan hamayya mafi ƙarfi ki sa ta bayan “although”, taki kuma ki sa ta a babbar magana: “Although boarding schools cost more, they give students more time to read.” Mai duba takarda zai ga kin san abin da ɗaya ɓangaren zai ce, kuma kin amsa shi a jimla guda. A auna fahimta, idan aka tambaye ki ra’ayin marubuci, kada ki ɗauko amsa daga ɓangaren da ke bayan “although” ko “despite”, domin wannan shi ne abin da ya amince da shi kafin ya faɗi nasa. Ki nemi abin da ya biyo bayan “however” ko “but”. A taƙaitawa ma, inda ake so ki fitar da manyan batutuwa cikin jimloli kaɗan, ɓangaren “although” shi ne yawanci ake zubarwa.

Sai dai ba zan ruɗe ki ba, ’yata: ba “although” da “but” kaɗai suka ba ki D7 ba. A tsarin WAEC, insha’i maki 50 ne, ana kuma so ya kai kimanin kalmomi 450. An raba makin ne tsakanin ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe, da kuma tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu, harafi da alamomi. Wannan na ƙarshen maki 10 ne, kuma rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, wato kurakurai 20 sun isa su share shi tas, abin da ɗalibi yakan yi tun bai gama shafin farko ba. Iya sarrafa harshe shi ne mai kaso mafi tsoka, maki 20, kuma a nan ne kalmomin haɗi suke taimako idan sun zauna daidai. Bayan insha’i akwai auna fahimta mai maki 20 da taƙaitawa mai maki 30, ga tambayoyin zaɓi-ɗaya, ga kuma takardar furuci da ɗalibai da yawa suke shiga da ka. Tsakanin D7 da C6, wato matakin farko na kiredit da kike nema, mataki ɗaya ne, kuma ina kyautata zaton cewa idan aka duba aikinki da kyau za a tarar taƙaitawa tana cikin wuraren da makinki yake zuba, domin ita ce aka fi sakaci da koyar da ita. Ki nemi wanda zai duba miki kowane sashe daban, ki san inda ramin yake kafin ki sake biyan kuɗi.

Game da yadda za ki yi atisaye, ki ajiye dogon jerin nan da kika haddace. Kalmomi huɗu sun ishe ki cin jarrabawa: “but”, “although”, “despite” da “however”. Kowace rana ki ɗauki magana ɗaya daga rayuwar gidanku, misali an ɗauke wuta amma kin yi karatu, ki faɗe ta da Hausa tukuna don ki tabbatar da ɓangaren da kike so nauyi ya faɗa, sannan ki rubuta ta sau huɗu. “There was no light, but I read.” “Although there was no light, I read.” “Despite the darkness, I read.” “There was no light. However, I read.” Ta ukun ce za ta fi ba ki aiki, domin sai kin nemo sunan da zai maye gurbin cikakkiyar magana, kuma wannan neman shi ne yake faɗaɗa kalmominki: “it rained” ta koma “the rain”, “he was ill” ta koma “his illness”, “prices rose” ta koma “the rise in prices”. Ki riƙa karanta su da ƙarfi, ki tsaya inda aya take, ki ɗan numfasa inda waƙafi yake, har kunnenki ya fara jin nauyin “but” idan ta biyo bayan “although”. Idan kin sami jaridar Turanci ko littafin tsofaffin tambayoyi, ki ja layi ƙarƙashin kowace kalmar haɗi, ki dubi abin da ya biyo bayanta da alamar da ke gabanta.

Ki guji kuma wata al’ada da ake koya wa yara a wuraren darasin yamma, ta buɗe kowane sakin layi da “moreover”, “furthermore” ko “nevertheless” don a burge mai duba takarda. Wanda ya duba ɗaruruwan takardu ba ya burguwa da wannan. “Nevertheless” da aka sa a inda babu saɓani kuskure ce, domin ta yi wa mai karatu alkawarin juyi, sai ya tarar maganar ta miƙe abinta. Kafin ki rubuta kowace kalmar haɗi, ki tambayi kanki ko jimlar da ke tafe ƙari ce, ko dalili, ko sakamako, ko saɓani. Idan ba ki iya amsawa ba, ki bar wurin babu kome. Jimloli biyu gajeru masu tsabta sun fi miki riba.

Malaminki bai kyauta ba, domin kuɗi ake biyan sa don ya yi bayani, kuma dariyar aji ba ta koya wa kowa nahawu. Duk da haka ba na so ki ƙaurace masa cikin fushi. Ki same shi bayan an tashi, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki nuna masa jimlar a siffofi huɗun nan, ki roƙe shi ya riƙa duba miki insha’i ɗaya da taƙaitawa ɗaya kowane mako, yana rubuta dalilin kowane jan biro a gefen takarda. Idan ya karɓa, kin sami abin da kike nema. Idan ya ci gaba da mayar da kurakuranki abin nishaɗi, ki gaya wa Baba a canza miki wuri.

Shi kuwa Baba, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin ya fid da rai da ke. Mutumin da ya biya sau biyu, ya kuma ce zai biya na uku, bai fid da rai ba, nauyi ne ya yi masa yawa. Ki zauna da shi, ko ki bi ta wurin Inna idan hakan ya fi sauƙi a gidanku, ki bayyana masa cewa darasi ɗaya ne ya rage kuma mataki ɗaya ne tsakaninki da shi. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, har da haɗa na WAEC da na NECO, don haka ki karanta sharuɗɗan makarantar da kike nema da idonki, ki gani ko darussan da kika riga kika ci za su tsaya miki. Sannan ki roƙe shi kada a yi rajistar karo na uku sai kin yi ’yan watanni kina wannan atisaye, kuma wanda yake duba miki aiki ya ga kurakuran insha’inki sun sauko ƙasa da goma a kalmomi 450.